Kama Malam-Buɗe-Littafin Dare da Rai a Lambun Gida da Rubuta Irinsu: Jagora ga Mazauna Kumasi

Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki a Aboabo, Asawase, Sawaba ko Tafo Zango, ko da bishiyar mangwaro ɗaya ce da kunyar alayyahu biyu, yana da wurin yin wannan aiki. Ƙwarin da ake magana su ne masu fukafukai masu gari da ke zuwa fitila bayan magariba, dangin malam-buɗe-littafi amma na dare. An san iri kusan 160,000 nasu a duniya, alhali na rana ba su kai 20,000 ba. A Gana an yi wa na rana aiki sosai, an rubuta sama da iri 900, gandun dajin Bobiri da ke kusa da Kubease shi kaɗai yana da wajen 400. Na dare kuwa sun ninka wannan adadi sau da yawa, kuma masu rubuta su kaɗan ne, musamman a cikin unguwanni. Shi ya sa littafin mutum ɗaya da ya kafa tarko iri ɗaya, a wuri ɗaya, shekara guda cur, kuma bai rubuta sunan da bai tabbatar ba, yake da daraja ta gaske. Kama ƙwaro abu ne mai sauƙi. Yin sa bisa tsari ɗaya kowane mako shi ne aikin, kuma duk abin da ke ƙasa don wannan aka tsara shi.

Fitilar da ke jawo su

Idonsu ya fi kama hasken UV, wanda idon mutum bai cika gani ba, da shuɗi. Jan haske da ruwan ɗorawa ba su cika ɗaukar hankalinsu ba, don haka ƙwan fitila mai haske ja-ja na ɗakin kwana ba zai yi ba. Farin ƙwan LED na shago yana jawo kaɗan. Abubuwa biyu ne suka dace da gidan haya. Na farko tsirin LED mai hasken UV, wanda aka rubuta 395nm ko 365nm a jikin ledarsa. Ana samunsa wurin masu sayar da fitilun ado da kayan lantarki a Adum da Kejetia. A nemi mai rigar silikon, wanda ruwa ba ya shiga. Na biyu shi ne sandar fitilar nan mai shuɗin haske da ke cikin na'urar kashe ƙudaje ta gidajen abinci, mai wat 8 ko 15. Sandar kawai ake so da mazauninta, ban da wayoyin da ke ƙona ƙwari.

Akwai wata sandar UV mai gilashi garai-garai, wadda ake ganin cikinta, ana amfani da ita wajen kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da asibiti, an rubuta 254nm ko UVC a jikinta. Kada a kuskura a kunna ta a tsakar gida. Tana ƙona ido da fata cikin mintuna, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan sa'o'i. Ko mai 395nm ɗin ma ba a ƙura mata ido, kuma a hana yara zama gab da ita.

Masana a Turai sun daɗe da amfani da ƙwan makyuri mai wat 125, irin na tarkon Robinson da aka ƙirƙiro a 1950. Yana kama ƙwari fiye da kowace fitila, amma yana zafi ƙwarai, yana fashewa idan ruwan sama ya taɓa shi, yana haske gidan maƙwabta, sannan da zarar an ɗauke wuta ya mutu, duk abin da ya shiga ya fice. A gidan da ake zaune da jama'a, bai dace ba.

Sanin dalilin zuwansu yana taimakawa wajen gina tarko. Binciken da aka wallafa a 2024, wanda aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka, ya nuna ƙwaro yana juya bayansa ne ga ɓangaren da ya fi haske, domin a daji wannan ɓangaren shi ne sama. Idan ya zo kusa da fitila sai ya riƙa karkata bayansa gare ta, ya yi ta zagaye. Ke nan fitila ba ta kiran su daga nesa sosai. Tana riƙe waɗanda suka gifta kusa ne. Don haka wurin da aka ajiye tarko ya fi ƙarfin fitila muhimmanci, kuma allunan da ake tsayarwa a gefen fitila su ne ke tare mai zagayen ya faɗa ciki.

A fara da farin zani

Kafin a kashe kuɗi a kan tarko, a yi dare biyu ko uku da zani. A samu farin zanin gado na auduga, a shanya shi a igiya tsakanin sanduna biyu, a danne da abin maƙale wanki, a bar wajen santimita 50 na ƙasansa ya kwanta a ƙasa, a aza duwatsu. Fitila ta rataya a tsakiya, santimita 20 zuwa 30 daga zanin, daidai ƙirjin mutum. A riƙa duba fuska biyu, domin da yawa suna sauka a bayan zanin. A kula da inda ake taka ƙafa, manyan sukan zauna a ƙasa.

Amfanin zani shi ne kana ganin lokacin da kowane ya zo, kuma ƙanana masu kamar ƙwayar shinkafa ba sa lalacewa. Aibinsa shi ne sai kana tsaye. Daga bayan magariba zuwa ƙarfe goma za ka ga mafi yawa, amma manyan da masana ke kira dangin Saturniidae sukan zo ne bayan tsakar dare. A sanar da mai gida da maƙwabta tun da rana, don kada wani ya fito ya ga farin ƙyalle da shuɗin haske a duhu hankalinsa ya tashi.

Gina tarkon bokiti

Kayan su ne bokitin fenti mai lita 20, babban mazurari, allunan roba masu garai-garai guda 3, bututu mai tsawon santimita 30 da kauri kamar santimita 4, tsirin LED mita 1, ƙaramin mazurarin kicin, guntun tiyo, guntun ragar sauro, farantin roba mai faɗin santimita 35 zuwa 40, da kiret ɗin ƙwai na kwali guda 5 ko 6. A wanke bokitin da sabulu, a bar shi a rana kwana biyu har warin fenti ya fita. Duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, kalanzir ko man inji ba ya shiga wannan aiki, komai wankin da aka yi masa.

Mazurarin ne zuciyar tarkon. Mai aikin kwano a Suame Magazine zai lanƙwasa maka shi: bakin sama daidai bakin bokitin, wato wajen santimita 28 zuwa 30, zurfi santimita 15, ramin ƙasa santimita 5 zuwa 6. Wanda bai son zuwa can ya samu tsohuwar gorar ruwa ta ofis mai kusan lita 19, ya yanke kafaɗarta, ya kifa ta a bakin bokitin; wuyanta ya yi daidai da ramin da ake so. Girman ramin nan ba a wasa da shi. Idan ya gaza santimita 4, manyan ƙwarin ƙasarmu ba za su wuce ba, za su yi ta bugun fiffike har ya yage. Idan ya wuce 7, rabin abin da ya shiga zai fice kafin asuba. Cikin mazurarin ya zama sumul, babu tsatsa, babu gam da ya fito.

A naɗe tsirin LED a jikin bututun, zai yi zagaye kamar 8. Bututun alminiyam ya fi na roba domin yana zuƙe zafi, kuma zafi ne ke rage ran LED. A ƙara ɗaure tsirin da siririyar waya, gam ɗin bayansa yana saki da damina. Allunan guda 3, kowane tsawon santimita 30 da faɗin 10 zuwa 12, a tsayar da su kewaye da bututun da tazara daidai, a yanke ƙasansu a karkace yadda za su zauna cikin mazurari. Ƙasan bututun ya tsaya aƙalla santimita 6 sama da ramin, kada ya toshe hanya. A ɗaure farantin a saman allunan ya zama rumfa.

Saura magudanar ruwa, wadda mutane da yawa ke tsallakewa. Ruwan Kumasi, wajen milimita 1,400 a shekara, yakan sauko da iska, rumfa ba ta tare shi duka, kuma babban mazurari yana tattara shi ya zuba cikin bokiti. A huda tsakiyar gindin bokitin, a zura tiyo, a sa ƙaramin mazurarin a kansa yadda bakinsa zai tsaya santimita 5 ko 6 a ƙarƙashin babban ramin. A rufe bakinsa da raga don kada ƙwari su bi ta nan. Ruwa ya faɗa ciki ya fita ƙasa, ƙwaro kuma ya zame gefe. A ƙara ƙananan huji 5 ko 6 a gindin, kowane milimita 3.

A yanka kowane kiret gida huɗu, a jingina guntayen a tsaye kewaye da tiyon, ba a kwance a jibge ba. Ƙwaron da ya samu lungu mai duhu yana natsuwa nan take. Wanda bai samu ba zai kwana yana tashi, ya goge garin fukafukansa da na sauran, da safe ka tarar da abin da ba ya ganuwa. Kiret na roba ba ya yi, ƙafarsu ba ta kama shi. A ajiye kwalayen a wurin da ba a fesa maganin sauro, ba a kunna igiyar sauro, babu kafur. Kwali yana shan waɗannan, kuma shi ne babban dalilin da ake buɗe tarko a tarar da komai a mace ba tare da an ga sanadi ba.

Wuta

Batir ya fi wutar gida, saboda ɗaukewar wuta da kuma haɗarin jan waya mai 230V cikin jiƙaƙƙen fili inda yara ke yawo. Lissafin ba wuya. Tsirin mita 1 mai wat 14.4 a kan 12V yana jan amfiya 1.2. Daga 6:30 na yamma zuwa 5:30 na asuba awa 11 ne, wato wajen 13Ah. Batir mai ruwa ba a shanye fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, don haka ana bukatar 26Ah ko fiye. Batirin mota mai 45Ah ya wadatar. Na babur mai 7Ah awa 3 kawai zai ba ka lafiya. Idan aka rage tsirin zuwa rabin mita, batir mai 14Ah ya isa. A sa fis mai amfiya 3 a jan waya, kusa da kan batir, a saka batirin cikin rufaffen bokiti mai 'yan huji a gefe. In fitila ta ƙi kamawa, a fara duba ko an juya ja da baƙi.

Akwai tsiri mai 5V da ake sokawa a fawabank. Mai wat 5 a kan fawabank mai 20,000mAh na gaske yakan kai kusan awa 10. Wasu fawabank suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta da yawa, don haka a gwada shi a ɗaki dare guda tukuna.

Wuri da dare

A zaɓi lungun da ya fi duhu, kusa da ganye, inda bango ko bishiya ta tare hasken fitilar titi da ta tsaro. In zai yiwu a roƙi a kashe ƙwan tsakar gida a daren. Kada a sa tarkon ƙarƙashin bishiya mai duhuwa ƙwarai, ta gefenta ya fi, inda hasken zai kai ga fili. A ɗora shi a kan kujera ko benci, santimita 50 zuwa mita 1 daga ƙasa, a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi domin waɗanda suka sauka a waje. Wurin ya zama wanda ranar safe ba ta fara duka. Da ka zaɓa, ka yi alama, kada ka sake matsar da shi. Tarkon da ke yawo daga lungu zuwa lungu ba a iya gwada kamun Afrilu da na Oktoba da shi.

Daren da ya fi kyau shi ne mai ɗumi, mai hadari, babu iska, babu farin wata, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. Lissafin watan Musulunci yana yi maka rabin aikin. Daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabo dare yana da duhu. Daga 12 zuwa 16 kamu yana raguwa ƙwarai. Bayan nan wata yana jinkirin fitowa da kusan minti 50 kowane dare, don haka daga 19 zuwa 23 farkon dare duhu ne, ya dace da aikin zani. Kamu yana yawaita daga Maris zuwa Yuli, ya ɗan ja baya a Agusta, ya sake tashi daga Satumba zuwa Nuwamba. Da hunturu yana yin ƙasa, amma kada a daina. Daren da aka samu biyar kacal shi ma labari ne, a rubuta shi. Sau ɗaya a mako ya isa, sau biyu shi ne iyaka. Kunna tarko kowane dare yana hana waɗanda ke zaune a lambun ci da barbara, kuma su ɗin dai za ka yi ta sake ƙirgawa.

Masu ɓata kamu

Tururuwa ce ta farko. In ta samu hanya, kafin asuba fukafukai kawai za ta bari. A tsoma ƙafafun kujerar cikin gwangwanayen ruwa mai ɗigon sabulu, ko a shafa giris a kewaye, a kuma tabbata babu waya ko ganye da ya zama mata gada. Wayar batir ma a shafa mata giris. In kwarkwasa ta ratso gidan, a fasa daren. Tsaka da kwaɗo suna koyon wurin cikin 'yan makonni, ƙadangare da tsuntsaye kuma da wayewar gari suke zuwa, shi ya sa ake riga su.

Manyan buzuzu, musamman mai ƙaho da ke cin kwakwa, idan suka faɗa ciki suna tattake komai. A leƙa wajen ƙarfe goma a fitar da su, haka ma ƙoƙi-ƙoƙi. A daren da shinge ya tashi bayan ruwan farko, a kashe fitila awa ɗaya ko biyu har ya lafa, in ba haka ba bokitin zai cika da fukafukansa.

Akwai wanda ya shafi lafiyarka. Wani siririn ƙwaro ne mai launin lemo da baƙi, tsawonsa bai kai santimita 1 ba, masana na kiransa Paederus, yana zuwa fitila da damina. Ba ya cizo, amma in aka murje shi a fata ruwan jikinsa yana sa ƙuna da bororo bayan kwana ɗaya ko biyu. A hure shi, kada a mare shi. In an murje, a wanke da sabulu nan take, kada hannu ya kai ido. A sa riga mai dogon hannu saboda sauro. Wanda ya shafa maganin sauro ya wanke tafin hannunsa kafin ya taɓa kwali ko kwalba.

Waɗanda ba sa son fitila

Wasu manya, irin su Eudocima, Achaea da Cyligramma, ƙamshin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ya fi jawo su. A dama ayaba 4 da ta nuna har ta yi baƙi, da sukari giram 250, yis na burodi ƙaramin cokali 1, da ruwa rabin kofi. A rufe sama-sama, kada a ɗaure murfin domin yana kumbura, a bar shi kwana 2. Littattafan Turawa suna cewa a zuba giya. Babu bukata, yis ɗin yana ba da ƙamshin da ake nema. Kaurinsa ya zama kamar na koko mai kauri, wanda ba ya zuba daga jikin itace. Rabin awa kafin magariba a shafa shi a jikin bishiyoyi ko sanduna 5 ko 6, tsawon santimita 30, faɗin tafin hannu, daidai ƙirji. Inda tururuwa ta yi yawa, a jiƙa igiyar auduga mita 1 a ciki, a rataya ta, a shafa giris a maɗaurin. A zagaya kowane rabin awa har bayan isha'i da tocila da aka rufe da jar leda. A haska daga ƙasa a hankali, a riƙe kwalba a ƙarƙashin ƙwaron, domin in ya firgita sakin jiki yake ya faɗo. Lokacin mangwaro, waɗanda suka faɗi a gindin bishiya ma suna yin wannan aikin.

Buɗe tarko

Da an idar da sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, a je. Kafin a taɓa bokitin a duba bango, ƙyallen ƙasa, ganyen kusa da jikin allunan, a ɗauki hoton abin da ke nan. Sannan a kashe fitila, a toshe ramin mazurari da tsumma, a kai bokitin inuwa. Wanda ya buɗe shi cikin gidan sauro da aka ɗaura a baranda ba zai yi asarar masu tashi ba. A ɗaga kwali ɗaya-ɗaya, a duba fuska biyu, a ƙirga, a ɗauki hoto, a mayar da shi cikin wani bokiti mai murfi. Kada aikin ya kai ƙarfe takwas, zafi yana tayar da su.

Ba a kama su da yatsa a fiffike. A kifa ƙaramar kwalba busasshiya, a zura takarda ta ƙasa, ɗaya a kowace kwalba. Wanda ya ƙi natsuwa a sa shi a firji, ɓangaren kayan miya, minti 15 zuwa 20. Ban da ɓangaren ƙanƙara, yana kashe su.

Hoton waya ya isa in an yi shi daidai. A ɗauka a inuwa mai haske, a kan takarda mai ruwan toka, domin fara tana sa ƙwaron ya fito baƙi. A ajiye rula a gefe. Hoto ɗaya daga sama kai tsaye, ɗaya daga gefe, in ya buɗe fiffiken baya a yi maza a ɗauka, sannan na ciki ta gilashin kwalba. Fiffiken baya ne sau da yawa ke raba iri biyu masu kama. A auna fiffiken gaba daga inda ya manne da jiki zuwa tsininsa, da milimita.

Sa suna

Sunan kimiyya kashi biyu ne, na farko na gida, na biyu na iri, gidaje kuma suna taruwa su zama dangi. A fara da koyon dangi. Sphingidae masu jiki mai kauri da tsini ne, da siraran fukafukai. Saturniidae manya ne, da zanen ido a fiffike, namijin yana da ƙahonni kamar gashin tsuntsu. Ba su da bakin ci, don haka ba za ka taɓa ganinsu a ayaba ba. Geometridae suna shimfiɗa fukafukai a kwance. Crambidae ƙanana ne masu dogayen ƙafafu. Noctuidae da Erebidae su ne mafi yawa, kuma su ne masu wahala.

Wasu ba sa ɓoyuwa. Daphnis nerii kore ne mai zane-zane. Acherontia atropos yana da hoton ƙoƙon kai a bayansa, yana ƙara in an taɓa shi, yana kuma shiga amya ya sha zuma. Agrius convolvuli ruwan toka ne da ratsin ja-ja a ciki, tsutsarsa ganyen dankali take ci. Hippotion celerio yana zuwa inda aka shuka gwaza. Bunaea alcinoe yakan cika tafin hannu. In akwai bishiyar katakon nan da ake kira wawa a kusa, ana iya ganin Anaphe venata, fari-fari da layuka masu ruwan ƙasa. Tsutsotsin gidan Anaphe ne ke saƙa gida na tarayya wanda ake samun zaren tsamiya na aikin babbar riga daga gare shi. Gashinsu yana sa ƙaiƙayi, kada a taɓa da hannu.

Sauran kuwa sai haƙuri. A ɗora hotuna a iNaturalist, manhajar da ake sa hotunan halittu a taimaka da sunansu, a gwada da hotunan shafin intanet na African Moths, a duba shafin Afromoths don ganin ko an taɓa rubuta irin a Gana ko maƙwabtanta. Sunan da manhaja ta fara kawowa shawara ce kawai, takan ba da sunan ƙwaron Turai ko Amurka mai kama da namu. Iri da yawa ba a raba su sai an fiɗe al'aurarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma ko an gwada ƙwayar halitta. In ba ka tabbata ba, ka tsaya a gida ko dangi, ka ba shi lamba, misali Noctuidae 7, ka riƙe hotonsa, duk ranar da ya dawo ka kira shi da lambar. Suna na kuskure ya fi rashin suna illa, domin wani zai ɗauka ya gina a kansa.

Littafi

Kowane dare shafinsa. A rubuta kwanan watan da aka kunna fitila, ba na safiyar da aka buɗe ba, kuma a tsaya a kan haka. A rubuta wuri, irin tarko da fitila, lokacin kunnawa da kashewa, zafin iska da magariba da na asuba, hadari, iska, ruwa, kwanan watan sama, da duk abin da ya faru: batir ya mutu, tururuwa ta shiga, maƙwabci ya yi feshi, an sare bishiya. Sannan kowane iri a layinsa, da adadi, da lambar hoto, da wanda ya tabbatar da sunan. Na cikin bokiti, na waje da na ayaba kowane a ware shi. Fensir ya fi biro, raɓa ba ta wanke shi. Duk ƙarshen wata a kwafe zuwa kwamfuta ko waya.

Wajen lambobin taswira akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Kumasi tana wajen 6.69 arewa, 1.62 yamma, kuma yamma ana rubuta ta da alamar ragi: -1.62. In aka manta alamar, kamun Aboabo zai bayyana a kan iyakar Togo da Benin. Wanda ba ya son a ga gidansa, iNaturalist tana da zaɓin ɓoye ainihin wurin.

Bayan an gama, a ajiye bokitin a rufe a wuri mai sanyi, da magariba a zazzage ƙwarin cikin ganye mai duhu, mita 20 ko fiye daga wurin tarko in fili ya ba da dama, ana sauya wurin kowane mako don kada tsuntsaye su gane. Kafa tarko a Bobiri, Owabi ko wani gandun daji na hukuma sai da izinin masu kula da wurin.

Ga mai shuka

Mai kunyar kayan miya zai fara gane maƙiyansa tun suna da fiffike. Spoladea recurvalis, ƙarami mai ruwan ƙasa da fararen ratsi, na alayyahu ne. Maruca vitrata na furen wake ne da kwansonsa. Haritalodes derogata shi ke naɗe ganyen kuɓewa. Plutella xylostella, wanda bai wuce santimita 1 ba, na kabeji ne. Spodoptera frugiperda, uwar tsutsar masarar nan da ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka a 2016, namijinta yana da farin tabo kusa da tsinin fiffike, amma tana kama da 'yan gidansu, don haka a tabbatar a gona: tsutsar tana da alamar Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a murabba'i kusa da wutsiya. Idan adadin ɗaya daga cikin waɗannan ya yi tsalle a littafinka, ƙwai na kan ganye ko yana hanya. A duba bayan ganye da cikin kan masara cikin kwana 3 zuwa 7, a murje ƙwai da ƙananan tsutsotsi da hannu tun ba su shige ciki ba. In abin ya fi ƙarfin hannu, a kai hotunan da adadin kowane mako ga malamin gona na gunduma kafin a sayi maganin feshi, domin maganin da ya dace da tsutsar kabeji ba lallai ne ya dace da ta masara ba.